Hayaƙi a Fatar Ido

Likita ya ce wata uku ba kwalli.
Gwaggo Tabawa ta ce, "Ya cire mini yana,
ya bar ni tsirara."
Shekara hamsin tandunta na rataye a ƙusa ɗaya,
ba ta taɓa gaida baƙo da farin ido ba.

Yau sunan jikarta a Yelwa,
ta ce ita ba inda za ta.
Na kife turmi a bakin ƙofa,
na ce, zauna, juyo wajen haske.

Ɗan akwatina na buɗe,
sefa dubu biyu a babbar kasuwar Garwa,
gida shida, duk ruwan ƙasa.
Ta leƙa da sabon idonta:
"Hurera, ƙasa kika saya da kuɗi?
Da kin faɗa, da na ɗebo miki a bakin Binuwai."

Rufe ido, Gwaggo.

Fatar ta yi laushi kamar ganyen rama
da ya sha ruwan zafi,
tana ɓari a ƙarƙashin yatsana.
Rabon da in kusanci fuskar nan haka
tun tana hura mini kunu a ludayi.

Na fara da mai haske,
launin shayin da madara ta fi ƙarfinsa,
daga gindin gashin ido har kusa da gira.
Sai na biyu, launin gyaɗar da aka soya da yashi,
na kai shi cikin kwarin da fata ke naɗewa,
buroshi na kai, na komo,
na kai, na komo,
kamar kwale-kwalen fito ranar kasuwa.

Na ukun launin ƙanzo ne.
Dangwala kawai ake yi, a kakkaɓe a bayan hannu,
a aje a wutsiyar ido.
Gishiri ne shi: ana ƙarawa,
ba a tsamewa.

"Me kike ta gogewa?
Kin sa, kuma kina cirewa?"

Ba cirewa nake ba, sajewa nake.
Kwalli iyakar gona ne, kowa ya san inda ya tsaya.
Wannan hayaƙi ne.
In masu banda kifi sun hura wuta
can ƙasan gada da magariba,
wa zai nuna miki inda hayaƙi ya ƙare,
sama ta fara?

Ta yi shiru,
har na ji kazar maƙwabta na tonon bola.

"A wurin kawunki ya fara ganina," ta ce, ido rufe.
"Na je sayen tarwaɗa, hayaƙi ya sa ni hawaye,
kwallina duk ya dame.
Ina ta ɓoye fuska da gyale,
shi kuwa ya ce kar in goge."

Hannuna ya kauce.
Na lashi ɗan yatsa, na share abin da ya ɓata.
Ko ƙwaya ba ta shiga idon ba,
likita ba shi da ta cewa.

Buɗe.

Na miƙa mata madubi.
Shekara shida ba su haɗu ba sai a hazo.
Ta daɗe tana ƙirga abin da lokaci ya rubuta
a goshi, a gefen baki.
Na riƙe numfashi.

"Na hagun ya fi na dama duhu."

Na duba. Gaskiyarta.
Idon da aka wanke jiya-jiya
ya riga ya kama ni da laifi.
Na ƙara wa na dama ƙanzo kaɗan,
na saje, na saje,
har ta ture mini hannu.

"Miƙo mayafina, mai ruwan goron.
Ki ce wa Ɗanjuma ya tsayar da mai babur,
kuma ya ja a hankali, kar iska ta kwashe."

Tandu na nan a ƙusarsa.
Ta taɓa shi da za ta fita, kamar mai sallama da yaro.
Sai da babur ya sha kwana
na waiwayi turmi:
buroshi na nan,
madubi na nan,
akwatin ƙasar ne ban gani ba.